Kafin Ka Ɗaga Ƙarfen Farko: Nasiha Ga Mai Shirin Shiga Gidan Motsa Jiki



Yau zan ɗan kauce daga abin da muka saba tattaunawa, saboda wani lamari da ya faru a gidanmu. Wani ƙanena, ɗan baffana, da muka tashi tare a garin Kunci, ya sami gurbin karatu a Kano. Bai yi wata biyu ba abokansa suka ja shi wani gidan motsa jiki. Ranar farko ya ga tsararrakinsa suna ɗaga ƙarfe, ya ce shi da ya tashi da garma a hannu ai ba za a fi shi ba. Ya shafe kusan awa biyu yana tsugunnawa da tashi da nauyi a kafaɗa, cikin zafin bazara, ba tare da ya sha ruwan kirki ba. Bayan kwana biyu cinyoyinsa suka kumbura, ya kasa durƙuson sallah, fitsarinsa ya koma kamar baƙin shayi. Da ƙyar aka lallashe shi ya je asibiti, inda aka kwantar da shi kwanaki ana ƙara masa ruwa. Likita ya shaida mana cewa tsokarsa ce ta farfashe saboda wahalar da ta fi ƙarfinta, abin da ya fita daga cikinta ya bi jini ya taru a ƙoda, kuma da an ƙara jinkiri da ƙodar ta iya tsayawa. Allah Ya ba shi lafiya, amma tun daga ranar na ɗauki alkawarin rubuta wannan nasiha.

Ra'ayina a taƙaice shi ne: motsa jiki ya zama dole ga matashin wannan zamani, kuma gidan motsa jiki wuri ne mai amfani, amma mafi yawan masu farawa suna shiga ne da gaggawa da son a gani, waɗannan biyun kuwa su ne ke jefa mutum cikin rauni ko su sa ya watsar da abin kafin wata ya zagayo.

Me ya kai ɗan manomi gidan ɗaga ƙarfe?

Na san abin da dattawanmu za su ce. Da na ba wani kawuna labarin, dariya ya yi, ya ce, "Yaro, wanda yake son ƙarfi ga fartanya nan, me ya kai shi biyan kuɗi don ya ɗaga ƙarfen da ba ya haifar da ko zangarniya ɗaya?" Maganarsa tana da nauyi. A ƙasarmu ta Kunci, da maƙwabtanmu na Bichi da Tsanyawa da Ɗambatta da Kazaure, iyayenmu ba su taɓa neman wurin motsa jiki ba. Sharar gona, shuka, noman farko, maimai, huɗa, yankan gero da dawa, roron wake, cirar gyaɗa, ɗaurin dami da ɗaukarsa, duk waɗannan sun ishi jiki. Iyaye mata kuma ga sussuka da surfe da daka da jan guga. Idan kaka ta yi, samari su fita dandali a yi kokawa, mahauta su ɗaure hannu a yi dambe. Har yau ana ba da labarin Shago a ƙasar Hausa, kuma a Jamhuriyar Nijar tun shekarar 1975 ake gasar kokawa ta ƙasa inda gwani ke ɗaukar takobi.

Sai dai mai karatu ya dubi rayuwarsa da idon gaskiya. Nawa ne daga cikinmu suke wannan aiki a yau? Ɗalibi yana wuni a zaune, mai shagon cajin waya a zaune, ɗan acaɓa a zaune, ma'aikacin ofis a zaune. Injin niƙa ya karɓi aikin turmi, babur ya karɓi aikin ƙafa, har zuwa masallacin unguwa wani sai ya hau. Ko wanda yake noma, damina wata huɗu ce zuwa biyar, in ba mai noman rani ba ne sauran watannin a gindin bishiya yake cinye su. Abincin kuwa ya ƙaru da suga da mai da lemon kwalba. Shi ya sa hawan jini da ciwon suga, waɗanda a da ake ce musu ciwon masu kuɗin birni, suka shigo ƙauye.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojin da ta fitar a shekarar 2020, ta ce baligi yana buƙatar minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a kowane mako, kamar tafiya da sauri, ko minti 75 zuwa 150 na mai tsanani, kamar gudu, sannan ya yi aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana 2 a mako. Minti 150 daidai yake da minti 30 sau biyar. Wanda gona ta cika masa wannan, ya gode wa Allah, ba ya buƙatar biyan kowa. Wanda kuwa ya bar gona, to ya nemi abin da zai maye gurbinta. Wannan ita ce amsar da na ba kawuna, kuma ya yi shiru bai musa ba.

Fara da gyara niyya

Ɗan'uwa, kafin ka biya kuɗin rajista, tambayi kanka: me nake nema? Na lura yawancin samari hotunan da suke gani a Instagram da TikTok ne ke tura su. Suna son ƙirji ya buɗe, ƙwanji ya fito, a sa riga mai ɗamewa a zaga unguwa. Wanda wannan ce manufarsa ba ya haƙuri, domin madubi ba ya nuna canji da wuri. A makonnin farko ƙarfin da mutum ke ji yana ƙaruwa daga jijiyoyi yake zuwa, wato jiki ne ke koyon yadda zai yi amfani da tsokar da yake da ita. Girman tsokar da ido zai gani sai an yi wata biyu zuwa uku ana yi ba fashi. A cikin wannan tazara ne mai son a gani yake karaya, ko ya ƙara nauyin da ya fi ƙarfinsa, ko ya nemi hanyar ratse ta ƙwaya da allura.

Jiki amana ne a hannunmu. Ka nemi ƙarfin da za ka ɗauki buhun mahaifinka da shi, ka tsaya a sahu ba tare da gwiwa ta karkarwa ba, ka yi ɗawafi da sa'ayi da ƙafarka in Allah Ya kira ka, ka kai tsufa kana sujada a ƙasa. Malaman hadisi sun ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tseren gudu da Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda. Saboda haka babu abin kunya a motsa jiki. Abin tsoro shi ne girman kai ya shiga, ƙarfi ya zama abin razana mutane, ko a wayi gari matashi ya zama ɗan bangar siyasa saboda faɗin ƙirjinsa.

San lafiyarka tukuna

Rigakafi ya fi magani. Kafin ka fara, je a auna maka jini. Idan awon yana kaiwa 140 bisa 90 ko ya wuce, ka ga likita kafin ka taɓa ƙarfe mai nauyi. Haka wanda yake jin ciwon ƙirji ko jiri ko bugun zuciya marar tsari idan ya yi gudu, da wanda wani a danginsa ya taɓa faɗuwa ya rasu farat ɗaya yana matashi. Kada ka ce ai ni yaro ne. Samuel Okwaraji yana da shekara 25 ya faɗi a filin wasa na ƙasa da ke Legas ranar 12 ga Agusta, 1989, ana tsakiyar wasan Nijeriya da Angola, bai tashi ba. Marc-Vivien Foe ɗan Kamaru ya faɗi a birnin Liyon na Faransa a 2003, yana da shekara 28. Dukansu zuciya ce, kuma dukansu sun fi ni da kai horo.

Abu na biyu, ka san rukunin jininka. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu ciwon sikila a duniya, kuma masu rukunin AS suna da yawa ƙwarai a cikinmu. Mai AS lafiyayye ne, yana iya kowane irin wasa, amma idan wahala mai tsanani ta haɗu da zafin rana da ƙarancin ruwa a jiki, haɗarinsa ya fi na mai AA. Wannan ne ya sa hukumar wasannin jami'o'in Amurka ta fara neman 'yan wasan manyan jami'o'i su tabbatar da matsayin jininsu tun daga 2010. Mai SS kuwa kada ya fara komai sai da shawarar likitansa. Mai asma ya kula da ƙurar hunturu, ya riƙe maganinsa kusa.

Sannu ba ta hana zuwa

Girkawan da suna da labarin wani ɗan kokawa mai suna Milo, wanda aka ce ya riƙa ɗaukar ɗan maraƙi a kafaɗa kullum tun yana ƙarami, maraƙi na girma ƙarfinsa na ƙaruwa, har ya wayi gari yana ɗaukar bijimi. Ko labarin ya faru ko ƙagagge ne, darasinsa gaskiya ne, kuma duk ɗan ƙauye ya san shi. Yaro ba ya fara noma da babbar garma. A zamaninmu wani likitan sojan Amurka, Thomas DeLorme, shi ya tsara wannan a kimiyyance a 1945, lokacin da yake jinyar sojojin da suka ji rauni a Yaƙin Duniya na Biyu. Daga aikinsa ne aka sami tsarin da ya shahara na ɗagawa sau 10, a huta, a maimaita har zubi uku, ana ƙara nauyi kaɗan-kaɗan yayin da jiki ya saba.

Ga abin da nake ba mai farawa shawara. A watan farko kwana 2 ko 3 a mako sun isa, minti 40 zuwa 45 kowace rana, da hutun kwana ɗaya a tsakani, domin a lokacin hutu ne tsoka take gyara kanta ta ƙaru. Ka fara da ɗumama jiki na minti 5 zuwa 10, tafiya da sauri ko sassarfa. Sannan ka koyi motsi huɗu ko biyar da suka haɗa dukan jiki: tsugunnawa da tashi, tura nauyi daga ƙirji, jawo nauyi zuwa jiki, ɗauko nauyi daga ƙasa da miƙaƙƙen baya, da ɗaukar nauyi a hannu ana tafiya da shi. Ka zaɓi nauyin da za ka ɗaga sau 10 ka ji da sauran ƙarfin biyu ko uku a jikinka. Idan ya yi maka sauƙi mako biyu a jere, ka ƙara kilo ɗaya ko biyu. Ka sami ɗan littafi ka riƙa rubuta abin da ka ɗaga, shi zai nuna maka ci gaban da madubi yake ɓoyewa.

Kada ka riƙe numfashi yayin ɗagawa, ka fitar da shi lokacin da kake turawa. Kada ka kwanta ƙarƙashin ƙarfe mai nauyi babu wanda yake tsaye a kanka. Kada ka manta da ƙafafu, ka zama kamar wasu da ƙirji ya yi tulu ƙafa kuwa kamar sillen kara. Kuma kada ka yi gasa da na kusa da kai, ba ka san shekara nawa ya yi yana yi ba. Tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, tsalle dubu ba ya fitar da shi. Ƙashin baya ko kafaɗa in suka sami rauni, wani sa'in har tsufa ana fama.

Ka bambance ciwo da ciwo. Tsamin jiki da ke zuwa bayan kwana ɗaya zuwa uku abu ne da aka saba, zai wuce da kansa. Amma zafi mai suka a gaɓa, ko kumburi mai tsanani, ko fitsari ya yi baƙi, ko ciwon ƙirji, waɗannan na asibiti ne a ranar, kada a tsaya shafa man zafi ko neman mai ɗori.

Wanda yake ƙauye kuma babu gidan motsa jiki kusa da shi, kada ya ce ya rasa. Jarka mai cin lita 20 idan ta cika da ruwa nauyin ruwan kilo 20 ne. Reshen bishiya mai ƙwari ya isa a riƙa jan jiki sama. Samari da yawa suna zuba siminti a gwangwanaye biyu su haɗa da bututun ƙarfe. Wannan dabara ce mai kyau, sai dai a auna ɓangarorin biyu su yi daidai, a kuma tabbatar simintin ya kama, don kada ya zame ya faɗo a kan ƙafa.

Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya

Za a nuna maka manyan robobin garin furotin masu tsada a ce sai da su tsoka ke fita. Kada ka ci bashi a kansu. Binciken masana ya nuna cewa kimanin giram 1.6 na furotin a kan kowane kilo na nauyin mutum a rana ya wadatar da mai ɗaga ƙarfe, wato mai kilo 60 yana buƙatar kusan giram 96. Ƙwai ɗaya yana da kimanin giram 6. Wake da muke nomawa, waken suya da ake awara da shi, gyaɗa da ƙuli-ƙuli, nono da kindirmo, kifi, nama in ya samu, dukansu suna ɗauke da shi. Ɗanwake da ƙwai, fura da nono, kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, wannan abincin ƙarfafa ne tun kaka da kakanni. Abin da za ka rage shi ne lemon kwalba da sugan shayi. Mai son rage tumbi ya sani cewa motsin ciki kaɗai ba ya narkar da kitsen ciki. Jiki yana rage kitse ne gaba ɗaya idan abin da ake ci ya yi ƙasa da abin da ake ƙonawa.

Ka sha ruwa kafin ka fara, da lokacin da kake yi, da bayan ka gama. Daga Maris zuwa Mayu zafi a ƙasar Kano yana kaiwa maki 40 har ya wuce, don haka bayan sallar asuba ko bayan la'asar sakaliya su ne lokutan da suka dace. Barci kuma awa 7 zuwa 9. Wanda ya kwana yana latsa waya har ƙarfe biyu ya zubar da rabin wahalarsa.

Hanyar ratse

Nan ne na fi jin tsoro. A kusan kowane wurin ɗaga ƙarfe akwai wanda zai raɗa maka cewa yana da allura ko ƙwaya mai fito da tsoka cikin wata guda. Waɗannan sinadarai suna kwaikwayon sinadarin mazakuta ne, kuma idan jiki ya ga an kawo masa daga waje sai ya daina yin nasa. Sakamakon shi ne 'ya'yan maraina su ƙanƙance, maniyyi ya ragu har a kasa haihuwa, nono ya fito wa namiji, hanta ta lalace, jini ya hau, zuciya ta kumbura, ga saurin fushi. Idan kuma ana karɓa-karɓar sirinji, ga ciwon hanta da ƙanjamau. Ben Johnson ɗan Kanada ya ci tseren mita 100 a gasar Olamfik ta birnin Seoul a 1988, cikin kwana uku aka ƙwace zinaren saboda irin wannan sinadari, sunansa ya ɓaci har yau. Haka ƙwayoyin ƙiba da ake sayarwa a kan tebur: kumburi ne da ruwa suke tarawa a jiki, suna kuma jawo ciwon suga. Masu shan tiramadol don kada su ji gajiya kuwa, mun ga inda ta kai samarin garuruwanmu. Gajiya saƙo ce daga jiki cewa a dakata, wanda ya toshe bakin ɗan saƙo ya cuci kansa.

Ladubban wurin

Ka zaɓi wurin da ba zai ci maka addini ba. Al'aurar namiji daga cibiya zuwa gwiwa take, a gidan motsa jiki ma haka take, dogon wando mai sakewa ba ya hana komai. Ka tsara lokacinka yadda sallah ba za ta same ka a ƙarƙashin ƙarfe ba. Ka nemi wurin da aka ware lokacin maza da na mata, ka kiyaye idonka, kada ka ɗauki hoton kowa. Ka goge zufarka daga benci, ka mayar da ƙarfe inda ka ɗauko. A watan azumi ka rage nauyi da tsawon lokaci, ka mayar da shi bayan buɗa-baki da awa ɗaya ko biyu, ko bayan sallar asham, kada ka yi aikin da zai hana ka tsayuwar dare.

'Yan'uwa mata, wannan magana har da ku. Ƙashin mace yana saurin rauni bayan ɗaukewar al'ada, kuma ɗaga nauyi daidai gwargwado yana ƙarfafa shi. Tsoron cewa jiki zai koma irin na maza ba shi da tushe, domin halittar ba ɗaya ba ce. Wadda ba ta sami wurin mata zalla ba, tsakar gida ta isa: tsallen igiya, tsugunnawa da tashi, ɗaga galan na ruwa. Mai juna biyu da mai jego su tuntuɓi ma'aikatan asibiti. Maza kuma mu taimaka musu da lokaci da wuri, mu daina yi musu dariya.

Kammalawa

Ƙanen nawa ya koma motsa jiki bayan likita ya ba shi izini. Yanzu kwana uku yake zuwa a mako, da gorar ruwa a hannu da littafinsa a aljihu. Da ya zo hutun damina, na gan shi a gonar baffa yana huɗa tare da ƙannensa har rana ta take, ya dawo gida ya ci tuwo ya tafi masallaci da ƙafarsa. Wannan shi ne ƙarfin da nake yi wa kowane matashi fata. Idan ka yi niyyar farawa a wannan mako, ka fara da awon jini, ka ɗauki ƙaramin ƙarfe ko da abokai za su yi dariya, ka dawo jibi, ka sake dawowa.

Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare ni, kuma ina maraba da gyara musamman daga likitocin da ke cikinmu. Allah Ya ba mu lafiya mai amfani, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya sa ƙarfinmu ya zama hujja a gare mu ranar gobe. Amin.